Daga Littafi Zuwa Ƙamus: Sunayen Ɓarayin Ƙagaggun Labarai a Harshen Ingilishi



Kowane harshe yana da hanyoyin da yake bi ya sami sababbin kalmomi. Wani lokaci aro yake yi daga maƙwabta, kamar yadda Hausa ta ari alƙali da littafi daga Larabci, ta ari mota da tebur daga Ingilishi, ta kuma ari ashana daga Yarbanci. Wani lokaci kuwa tsohuwar kalma yake ɗauka ya ɗora mata sabon kaya, kamar yadda jirgi, wanda a da na ruwa ne kaɗai, ya hau dogo, daga baya ya tashi sama. Akwai kuma wata hanya wadda ba a cika kula da ita ba, watau marubuci ya zauna a ɗakinsa ya ƙago mutumin da ba a taɓa haihuwa ba, ya raɗa masa suna, sa'an nan bayan 'yan shekaru sunan nan ya fice daga littafin ya faɗa bakin mutanen da ko bangon littafin ba su taɓa gani ba, har daga ƙarshe ya sami gurbi a ƙamus. Harshen Ingilishi ya bi wannan hanya sosai, kuma wani sashe na abin da ya samo ta nan, watau sunayen ɓarayi, shi ne abin da za a duba a wannan lacca.

Wannan al'amari ba baƙo ba ne ga Bahaushe. In an ce wane Gizo ne, kowa ya san ana nufin mai wayo da zari, ba sai an kawo tatsuniya ba. In an ce wane Ƙaruna ne, ko Fir'auna ne, an san inda aka dosa, ko da yake waɗannan biyu ba ƙagaggu ba ne, daga Alƙur'ani aka san su. Abin da ya bambanta Ingilishi shi ne, yawancin irin waɗannan kalmomi nasa an san marubucin da ya ƙago su, da littafin, har da shekarar, saboda haka ana iya bin sawunsu tun daga ranar suna.

Sunan yanka ba ya zama suna gama-gari a dare ɗaya. Da fari kamantawa ake yi, a ce wane kamar Scrooge yake, watau marowacin attajirin nan da Charles Dickens ya ƙaga a 1843. Sannu a hankali sai a yar da "kamar", a ce wane Scrooge ne. Daga nan sai a fara yi wa sunan jam'i. Alama ta ƙarshe kuwa, wadda ke nuna cewa sunan ya manta gidansu, ita ce ranar da babban baƙin farkonsa ya koma ƙarami, ko aka liƙa masa ɗafa-ƙeya aka mai da shi sifa. Ta haka Don Quixote na marubucin Sifen, Cervantes, wanda ya fito a 1605, ya haifi sifar quixotic, ga mai kyakkyawar niyyar da ba ta duba abin da zai yiwu. Ta haka Uwargida Malaprop ta wasan Sheridan na 1775, wadda ba ta buɗe baki ba tare da ta sa babbar kalma inda ba wurinta ba, ta ba da malapropism. Ma'aikatan gwamnati kuma suna da nasu rabon, domin daga Bumble, wani ƙaramin jami'i mai hura hanci a cikin Oliver Twist, aka sami bumbledom, watau isa da ɗagawar ƙaramin ma'aikaci a kan talakan da ya zo neman haƙƙinsa. Akwai ma waɗanda suka yi nisan da Baturen kansa bai san sunayen mutane ba ne: mentor, mai ba matashi shawara, sunan wani dattijo ne a waƙar Homer ta Girkawa. Faransanci ya wuce nan, don kuwa sunan dilan nan Renart na labaran ƙarni na 12 ya kori ainihin kalmar dabbar, watau goupil, ya gaje wurinta har yau.

To, in aka zo ga ɓarayi sai tambaya ta taso. Ingilishi bai rasa kalmomin sata ba. Yana da thief ga ɓarawo kowane iri, da robber ga ɗan fashi, da burglar ga mai fasa gida, da pickpocket ga ɗan sane, da highwayman ga mai tare hanya bisa doki, da fence ga ɓarawon zaune. Harshen da ya wadata haka, me zai kai shi aron suna daga ƙagaggen labari? Amsar ita ce, waɗancan kalmomi abin da hannu ya aikata kaɗai suke faɗi. Sunayen da aka ɗebo daga littattafai kuwa, abin da jama'a ke ji a ransu game da mai hannun suke ɗauke da shi: asalinsa, da matsayinsa, da dalilinsa, da kuma ko ya cancanci igiya ko tafi. Kowane ɗaya daga cikinsu hukunci ne da aka riga aka yanke aka naɗe cikin kalma guda, kuma wanda ya yi amfani da shi ya sa hannu a hukuncin, ko ya sani ko bai sani ba.

Shi ya sa ba kowane shahararren ɓarawon littafi ne ya shiga ƙamus ba. Autolycus, ɗan koli mai yankan aljihu a wani wasan Shakespeare, wanda shi ma daga tatsuniyoyin Girkawa aka aro sunansa, bai wuce bakin masu ilmi ba. Wasan John Gay na 1728, The Beggar's Opera, an nuna shi sau 62 a kakarsa ta farko a Landan, abin da ba a saba gani ba a lokacin, amma Macheath ɗan fashinsa da Peachum ɓarawon zaunensa ba su zama kalmomin yau da kullum ba. Dalili kuwa shi ne wurin a cike yake. Akwai kalmomin da suka ishi magana, ga kuma ɓarayi na gaske, irin su Jack Sheppard da aka rataye a 1724 da Dick Turpin da aka rataye a 1739, waɗanda labarinsu ya riga ya cika kunnen jama'a. Suna ba ya zama kalma sai ya tarar da giɓi.

Wanda ya tarar da giɓi shi ne Fagin. Dickens ya fara buga Oliver Twist kashi-kashi a wata mujalla a 1837, ya kammala a 1839. A ciki akwai wani tsoho a wani lungu na Landan da ke tara yara marayu da marasa galihu, ya ba su abinci da wurin kwana, ya koya musu zare hankicin siliki da agogo daga aljihun masu wucewa, su kawo masa ya sayar. Shi ba ya fita sata. In an kama yaro, yaron ne zai sha ɗauri ko kora zuwa Ostareliya, tsohon kuwa ya nemi wani. Ɓarayin zamanin suna da tasu kalmar ta sara ga irin wannan mutum, kidsman, amma mutanen gari ba su san ta ba. Da littafin ya fito sai suka sami abin kiran mugun abin da suka daɗe suna gani ba su da sunansa. Yau ƙamusoshi suna fassara fagin da cewa babban mutum mai koya wa yara aikata laifi. Hausa ba ta da kalma guda da ta yi daidai da ita. Sai dai a ce ubangidan 'yan sane, ko a yi dogon bayani.

Inda sunan ya samo asali abin tausayi ne. A 1824, Dickens yana ɗan shekara 12, aka ɗaure ubansa a kurkukun Marshalsea saboda bashi, shi kuma aka kai shi aiki wata masana'antar man goge takalma a bakin kogin Temz, yana rufe kwalabe da takarda, yana ɗaurewa da zare, yana liƙa musu tambari, a kan kimanin sule shida a mako. A cikin yaran da ya tarar akwai wani mai suna Bob Fagin. Shi ya koya masa ɗaurin zaren. Ran da ciwon ciki ya kayar da shi a wurin aiki, wannan yaro ne ya riƙa cika kwalabe da ruwan zafi yana gasa masa haƙarƙari, da yamma kuma ya nace sai ya raka shi gida. Dickens, don kunyar kada a gane ubansa na kurkuku, ya tsaya a ƙofar wani gida da bai san masu shi ba ya yi kamar nan ne gidansu, har abokin ya juya. Shekara goma sha uku bayan haka, da ya tashi neman suna ga mafi munin mutum a littafinsa, sunan wannan yaro ya ɗauka. Dickens ya ɓoye labarin masana'antar duk tsawon rayuwarsa, sai bayan mutuwarsa a 1870 amininsa John Forster ya bayyana shi. Masana sun yi ta cewa alherin yaron ne ya tsorata shi, domin alheri ne mai jan mutum ya saba da talauci ya zauna cikinsa. Ko da hakan ne, Bob Fagin bai ci ladan ruwan zafinsa ba.

Akwai zalunci na biyu a cikin kalmar, wanda ya fi na farko girma. Dickens ya mai da Fagin Bayahude, kuma a wurare da yawa ba ya ko ambatar sunansa, sai dai ya ce Bayahuden. Mutane da dama suna ganin ya ɗauko siffarsa ne daga Ikey Solomon, wani sanannen ɓarawon zaune da aka yi wa shari'a a Landan a 1830 aka kore shi zuwa tsibirin Tasmaniya. A 1863 wata mata Bayahudiya, Eliza Davis, wadda mijinta ya sayi gidan Dickens na Landan, ta rubuta masa takarda cewa ya zalunci al'umma guda. Da fari ya kāre kansa, amma maganar ta shige shi. Ya ƙago wani Bayahude mutumin kirki, Riah, a littafinsa na gaba, kuma a bugun 1867 ya soke kalmar Bayahude daga wurare masu yawa a surorin ƙarshe na Oliver Twist. Sai dai bakin alƙalami ya riga ya bushe. Riah bai shiga ƙamus ba, Fagin ya shiga. Da aka mai da littafin sinima a Ingila a 1948, aka yi wa ɗan wasan ƙaton hanci irin na zanen ɓatanci, sai da aka yi tarzoma a Balin a 1949, Amurka kuma ba ta nuna fim ɗin ba sai 1951, bayan an yanke wasu sassa.

Haka abin yake ga Shylock, mai ba da bashi da ruwa a wasan Shakespeare na The Merchant of Venice, wanda aka fassara da Hausa da sunan Matsolon Attajiri. Ba ɓarawo ba ne a shari'ance, amma sunansa ya zama kalmar mai tatsar mabuƙaci. A 2014 Joe Biden, yana mataimakin shugaban Amurka a lokacin, ya kira masu cutar sojoji da bashi da wannan suna, ƙungiyoyin Yahudawa suka yi masa ca, ya fito ya amsa cewa bai zaɓi kalma da kyau ba. A jaridun Nijeriya kuwa kalmar ta zama ruwan dare, musamman ga masu gidajen haya da ke tsauwala kuɗi. Galibin masu rubuta ta ba su da wata manufa game da Yahudawa, watakila ma ba su san da alaƙar ba. Amma takardar da ta fita daga ofis ba ta tafiya da niyyar marubucinta, kalmominta kaɗai ke tafiya, kuma mai karanta ta a wata ƙasa da abin da ya sani zai auna ta.

Waɗannan biyu sun ɗora wa mutane laifin da ba nasu ba. Akwai kuma waɗanda aikinsu wanke mai laifi ne, kuma babbansu Robin Hood. Shi ba marubuci guda ya ƙago shi ba, daga waƙoƙin baka ya fito, kuma har yau ba a tabbatar da wani mutum guda da za a ce shi ne ba. An fara ambatonsa a adabi wajen 1377 a cikin waƙar Piers Plowman. Amma abin mamaki shi ne sunan ya riga ya zama laƙabin masu laifi tun kafin wannan. A 1261 an rubuta wani ɗan gudun shari'a a lardin Berkshire da sunansa da na ubansa, William ɗan Robert le Fevere. Da shekara ta kewayo, wani magatakardan sarki da ke kwafe maganar sai ya rubuta shi William Robehod. Watau a ganin magatakardan nan, duk wanda ya gudu daji ya bar shari'a Robin Hood ne. A 1439 ma an kai ƙara majalisar dokoki a kan wani Piers Venables na Derbyshire, wanda ya tara 'yan iska ya shiga daji, aka kwatanta shi da Robin Hood da jama'arsa. Ba yabo ake nufi ba ko kaɗan.

Robin Hood na tsofaffin waƙoƙin nan ba shi ne wanda ake nuna wa yara a sinima ba. Manyan malaman coci masu dukiya yake tare wa hanya, yana faɗa da hakimin Nottingham, kuma babban alherin da aka san shi da shi, rancen fam 400 ne ga wani jarumi da ya talauce, ba rabon kuɗi ga talakawa ba. A wata waƙa ta wajen 1450, mutanensa sun kashe wani ɗan ƙaramin bara don kawai kada ya tona su. Maganar karɓa daga mai shi a ba marar shi daga baya ta kankama, daga ƙarni na 16 zuwa gaba. A 1598 wani marubucin wasa, Anthony Munday, ya mai da shi basarake da aka ƙwace wa gado, Walter Scott kuma a Ivanhoe na 1819 ya sa shi cikin masu kishin ƙasa. Kowane zamani ya ɗan ƙara masa sabulu, har sunan da magatakarda ya yi zagi da shi ya koma kirari. A 2010 ma wasu ƙungiyoyin agaji a Ingila sun nemi a sa haraji a kan cinikin manyan bankuna, suka kira shi harajin Robin Hood, da sanin cewa sunan kaɗai zai jawo musu jama'a.

Haɗarin wannan kalma a fili yake. A 1983 wata mujalla a Kolambiya ta kira Pablo Escobar da wannan suna domin ya gina wa talakawan Medellin gidaje, alhali dillalin hodar iblis ne wanda daga baya ya zubar da jinin alƙalai da 'yan sanda da 'yan jarida. A 1986, lokacin da Lawrence Anini ya addabi birnin Binin da fashi da kisan 'yan sanda, labarin cewa yana watsa wa mutanen kasuwa kuɗi ya sa wasu suka riƙa kwatanta shi da Robin Hood, har aka kama shi a watan Disamba aka harbe shi a watan Maris na 1987. Ɗan jaridan da ya rubuta sunan nan a kan ɗan fashi ya riga alƙali yin magana, kuma waɗanda aka kashe ba su da wuri a cikin kalmar.

Raffles kuwa wankinsa na wani salo ne daban. E. W. Hornung, mijin ƙanwar Arthur Conan Doyle mai Sherlock Holmes, shi ya ƙago shi a 1898, aka tara labaran cikin littafi a 1899. Raffles ɗan manyan makarantu ne, gwanin wasan kurket, mai ɗaki a unguwar masu hali a Landan. Masu dukiya sukan gayyace shi gidajensu na ƙauye domin wasansa, da dare kuma ya kwashe musu lu'ulu'u. Ba ya ba talaka ko anini. Kansa yake yi wa. Conan Doyle da kansa ya gargaɗi surukin nasa cewa bai kamata a mai da mai laifi gwarzo ba, Hornung kuma daga ƙarshe ya kai Raffles yaƙin Bowa a Afirka ta Kudu ya mutu a can, don ya biya bashinsa. George Orwell ya yi nazarin labaran a 1944, ya nuna cewa abin da ke jan mai karatu shi ne tsoron faɗuwar ɗan babban gida, ba satar kanta ba. Tun daga lokacin jaridun Ingila sukan kira duk ɓarawo mai tsabtar tufa da daɗin baki Raffles. Kada a rikita shi da Stamford Raffles wanda ya kafa Singafo a 1819, ko da kalmar raffle ta caca; ba su da dangantaka.

A nan ya kamata a tsaya a lura. A cikin Oliver Twist akwai wani mai fasa gida, Bill Sikes, ƙazami, mashayi, mai duka, kuma Turawan zamanin Sarauniya Biktoriya sun riƙa kiran ɓarayin dare da sunansa. Sikes da Raffles sana'arsu ɗaya: shiga gidan mutum da dare a ɗauki abin da ba a ba su ba. Dokar da za ta hukunta su ɗaya ce. Amma ɗaya sunansa abin ƙyama, ɗayan kuwa ana faɗinsa da murmushi, kuma babban abin da ya raba su a idon jama'a shi ne makaranta da riga da lafazi. Hausa ta fi gaskiya a wannan wuri. Da ta tashi raɗa wa mai ilmin da ke sata daga kan kujera suna, ɓarawon biro ta ce, ba ta cire masa kalmar ɓarawo ba.

Wannan shi ne abin da ke wahalar da mai fassara, ko a gidan rediyo ko a ma'aikatar watsa labarai. In labari ya zo da Ingilishi an kira wani Robin Hood na zamani, mai fassara yana da hanya uku, kowacce da illarta. In ya bar sunan yadda yake, mai sauraro a ƙauye zai ɗauka sunan mutumin ke nan. In ya ce ɗan fashi kawai, ya zubar da abin da marubucin ya nufa. In kuma ya ce mai ƙwata wa talakawa haƙƙi, ya fito da yabon da Ingilishi ya lulluɓe, ya kuma ɗora shi a bakin gidan rediyon. Abin da ya fi shi ne ya raba biyun: ya faɗi aikin da sunansa, sa'an nan ya ce wasu na yi masa kallon kaza, domin hukuncin ya koma wuyan masu shi.

Sauran misalai biyu sun nuna yadda suna kan ɓace hanya gaba ɗaya. An san cewa Frankenstein, a littafin Mary Shelley na 1818, sunan masanin da ya haɗa dodo ne, amma jama'a suka ba dodon sunan. Irin wannan ya sami Ali Baba. Labarinsa ba ya cikin tsohon kundin Larabci na Dare Dubu da Ɗaya wanda Bafaranshen nan Antoine Galland ya fassara. A 1709 ya ji shi a Faris daga bakin wani matashi mutumin Halab, Hanna Diyab, ya ƙara shi cikin fassararsa, daga nan ya shiga Ingilishi da sauran harsuna. Duk wanda ya san labarin ya san Ali Baba mai saran itace ne. Ɓarayin su arba'in ne, shi kuwa laɓewa ya yi ya ji kalmar buɗe kogonsu, kuma baiwarsa Murjanatu ce ta hallaka su da tafasasshen mai. Ana iya cewa ɗiban dukiyar ɓarayi ma ba halal ba ne, amma dai ba shi ne shugabansu ba. Duk da haka, da Bagadaza ta faɗi a watan Afrilu na 2003 aka shiga wawashe ma'aikatu da gidan tarihi, sojojin Amurka da mutanen Iraƙi, waɗanda ba su jin harshen juna, sun haɗu a kan kalma ɗaya ta kiran ɓarawo: Ali Baba. Taken labarin ya haɗa sunansa da ɓarayi, zama da maɗaukin kanwa ya jawo masa farin kai. A ɗaya gefen kuma, wani ɗan kasuwar Sin, Jack Ma, ya raɗa wa kamfaninsa Alibaba a 1999, shi kogon dukiyar ya tuna, ba ɓarayin ba.

Na ƙarshen ya fi kowanne doguwar tafiya, kuma a ƙasar nan ya sauka. A 1726 Jonathan Swift, wani limamin coci a Dublin, ya buga Gulliver's Travels. A kashi na huɗu matafiyin ya isa wata ƙasa inda dawaki ne masu hankali da mulki, a ƙarƙashinsu kuma akwai wasu ƙazaman halittu masu siffar mutane, marasa kunya, masu faɗa da juna. Swift ya kira su Yahoo, kuma 'yan Adam yake yi wa habaici. Kalmar ta shiga Ingilishi da ƙaramin baƙi, tana nufin bagidaje marar tarbiyya, ta zauna haka fiye da shekara 250 ba ruwanta da sata. A 1994 wasu ɗalibai biyu na jami'ar Stanford a Amurka, Jerry Yang da David Filo, suka raɗa wa jagorar shafukan intanet da suka haɗa wannan suna, don raha, suna masu cewa ma'anar ta dace da su. A 1997 kamfanin Yahoo ya fara ba da akwatin wasiƙa kyauta. Da shagunan intanet suka bazu a biranen Nijeriya a farkon shekarun 2000, wannan akwati ne ya fi yawa a hannun jama'a, har da masu aika wa baƙi wasiƙun ƙarya na gado da kwangila da soyayya.

Kafin wannan lokaci, 419 ake kiran irin wannan zamba, daga lambar sashen da ya haramta karɓar dukiya ta hanyar yaudara a kundin dokokin laifuffuka na Kudu. Arewa tun 1960 da nata kundin Final Kod take aiki, mai lambobi daban, amma lambar Kudu ce ta shiga bakin kowa. Sabbin masu sana'ar sai aka ba su sunan akwatin da suke aiki da shi, aka ce Yahoo boys, Hausa kuma ta karɓa ta ɗora masa nata ɗafa-goshi, ta ce ɗan yahoo, 'yan yahoo. Kamfanin bai saci kome ba, Swift kuma bai san da wata na'ura ba, kuma wanda ke faɗin kalmar a Kano ko Kaduna ba littafin yake tunawa ba. Amma wanda ya koma ga kashi na huɗun nan zai tarar cewa babbar ɗabi'ar da Swift ya ba halittun nasa ita ce son wasu duwatsu masu ƙyalli waɗanda ba su da amfanin kome gare su: sukan kwana suna haƙa da farce, su kai rami su ɓoye, suna waige-waige don tsoron kada 'yan'uwansu su gani su sace.